Wasiƙa zuwa ga ɗana kan shiga teku bayan hadari

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tunda yanzu daga gaɓa kake shiga nutso ba daga jirgi ba, ga abin da nake so ka riƙe.

Gari kan washe tun teku bai huce ba. Guguwar da ta tashi ɗaruruwan kilomita nesa da kai tana turo raƙuman ruwa, su iso bayan kwana ɗaya ko biyu, ga rana tarwai, ga iska a kwance. Don haka in ka duba hasashen yanayi, kada ka tsaya ga tsayin igiya kaɗai, duba daƙiƙun da ke tsakanin wata da wata. Mai tazarar daƙiƙa 5 iskar kusa ce ta tayar da ita, ƙarfinta a sama yake. Mai daƙiƙa 10 kuwa nisan da ke tsakaninta da ta bayanta a ruwa mai zurfi ya haura mita 150, motsinta na kaiwa can ƙasa. Ko kana zurfin mita 10 sai ta yi ta lilo da kai, ta tayar da rairayi har ka kasa ganin abokin nutsonka, in ba ka yi sa'a ba ta maka ka da dutse.

Ruwan sama ma da tasa ɓarnar. Yana kwaso laka da ƙazantar kwatoci ya zuba a teku. Bayan ruwa mai ƙarfi ka jira awa 72, musamman kusa da bakin kogi ko magudana. Duhun ruwan ƙaramin abu ne, ƙwayoyin cutar da ke jawo ciwon kunne da gudawa su ne abin gudu.

In ka isa gaɓa, kada ka yi saurin ɗaukar tukunyar iskar da kake shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Hau wuri mai tudu ka zuba wa ruwan ido minti 15, domin manyan igiyoyi a jere suke zuwa, sai su lafa, sai su dawo. Nemi inda igiya ba ta fashewa alhali tana fashewa dama da hagu, ruwan wurin ya yi duhu ko yana jan kumfa zuwa ciki. Wurin kan yi kama da ƙofar shiga mai sauƙi, amma nan ne ruwan da ya taru a gaɓa ke komawa, gudunsa na iya wuce mita 2 a daƙiƙa. Hadari na sauya tudun rairayin ƙarƙashi, saboda haka inda babu irin wannan jan a makon jiya yana iya samuwa yau. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Hura rigar iskarka don ka tsaya a saman ruwa, yi iyo a gicciye daidai da gaɓa har ka fita daga bakinsa, in nauyi ya dame ka saki ɗamarar dalmar da ke taimaka maka nutsewa.

Ranar da bututun numfashi kawai za ka sa ka yi iyo a saman ruwa ba tare da tukunya ba, lura da inda iska ta dosa. Mai kaɗowa daga tudu tana kwantar da ruwa ya yi kyaun gani, tana kuma tura ka ciki ba ka sani ba, kai kana can kallon kifi.

Tsawa kuwa ba a ciniki da ita. Ƙara na cin kilomita 1 a daƙiƙa 3. In tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, fito, kuma kada ka koma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

Fita ta fi shiga wuya, ka gaji, kaya sun yi nauyi. Bar abin shaƙa a bakinka, gilashi a fuska, ka biyo bayan igiya, in ta kayar da kai yi rarrafe har busasshen rairayi.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka