Kafin ka miƙa mabuɗin gidan unguwar Karkada

Ɗana, sallama. Da fatan ka saba da Tanut da zafinta, Allah ya sa albarka a wannan canjin wurin aiki.

Innarka ta gaya min ƙarshen wata za ka zo Damagaram ka kwashe iyalinka, kuma wai kace kosiyon nan na wata biyu da ka ajiye wajen mai gida ranar shiga kana jin nauyin tambaya tunda dattijo ne. A'a ɗana. Jaka sittin ba kuɗin goro ba ne, ajiya ce ka ba shi saboda ɓarna ko bashi, in babu ko ɗaya to haƙƙinka ne ya dawo maka, kuma kai da za ka kama wani gidan a Tanut can ma sai ka sake ajiye wani.

Tun yau ka kira shi ka sanar da shi ranar tashi, ka kuma tura masa saƙo a WhatsApp ya zama akwai shaida, kar gobe ace ka fita ba sanarwa a cire maka kuɗin wata guda. Ka nemo resin da ya sa ma hannu, na san halinka da takarda, ka tambayi matarka ita ce mai adana.

Kuran, wato wutar lantarki, da ruwa, nan ne mafi yawan rigimar ke fitowa. Ka biya faktir ɗin NIGELEC da na ruwa har na ƙarshe ka riƙe resi, ranar fita ka ɗauki hoton lambar kontar, wato mita, da wayarka, don faktir na zuwa a baya ne, in ba ka da hoto abinda wanda ya shigo bayanka ya sha sai a lissafa a kanka kana can nesa ba ka da bakin musu.

Abinda yaranka suka ɓata ka gyara da kanka, kar ka bari shi ya gyara ya yanko maka farashi. Kan pampon da ya karye, gilashin taga, rubutun gawayi da suka cika bangon tsakar gida da shi, ramukan ƙusa, magini ɗaya da siminti kaɗan da fenti sun isa. Amma tsagewar bangon da damina ta jawo da kwanon da ke yoyo tun kafin ka shiga, wannan tsufan gida ne ba naka ba ne, ka faɗa masa cikin ladabi amma ka faɗa.

Kuma dan Allah kar ka bi shawarar masu cewa ka ƙi biyan hayar watan ƙarshe ya cira a kosiyo, sai in shi ya yarda da bakinsa gaban shaida.

Ranar miƙa mabuɗi kar ka aika yaro. Ka je da kanka da dillalin da ya haɗa ku, ni ma zan zo in Allah ya yarda, ku zaga ɗaki ɗaki tare. In yace kuɗin ba su hannu yanzu, abu ne mai yiwuwa, ya rubuta adadin da ranar biya ya sa hannu. In ranar ta wuce shiru mu fara da mai unguwa kafin ayi maganar komisariya.

Ka turo min hoton resin in ka gano shi. Innarka na gaida ku, ka shafa min kan yaran.

Mahaifinka