Hawa da saukar kifin teku: abin da na'urar bin sawu ke aunawa da gaske

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi tsokaci kan yadda ake ba da labarin na'urorin da masana ke maƙala wa kifayen teku. Kusan duk lokacin da zancen ya taso, taswira ake nunawa: ga dogon layi ya ratsa teku, a ce kifi ya tashi daga nan ya kai can. A ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Wancan layin ƙiyasi ne, kuskurensa kuma yana da faɗi. Abin da na'urar ke aunawa kai-tsaye shi ne tafiyar da kifi ke yi kullum tsakanin saman ruwa da zurfinsa, kuma a nan ne amfaninta ya fi yawa.

Ga yadda abin yake. Da magariba ƙananan halittun teku, ciki har da 'yan kifaye masu fitar da haske daga jikinsu, sukan taso daga zurfin ɗaruruwan mitoci su ci abinci kusa da sama. Kafin gari ya waye sun koma cikin duhu, inda masu farauta da ido ba sa ganinsu. Yawansu ya kai ga a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu aiki da na'urar auna zurfi ta amsa-kuwwa a rundunar ruwan Amurka sun riƙa ganin wani abu kamar ƙasan teku, sai dai wannan ƙasa tana tasowa da dare tana nutsewa da rana. Manyan kifaye kuwa abincinsu suke bi. Kifin tuna mai manyan idanu kan wuni a zurfin mita 300 zuwa 500, yana tasowa lokaci-lokaci ya ɗumama jikinsa ya koma, da dare kuma ya zauna a cikin mita 100 na sama. Kifin takobi ya fi shi nisa, yakan wuce mita 600 da rana. Francis Carey na cibiyar Woods Hole ta Amurka ne ya bi shi da jirgi ya tabbatar da haka, a binciken da aka wallafa a 1981, kuma shi ne ya nuna cewa kifin yana da wata tsoka da ke ɗumama masa ido da ƙwaƙwalwa a cikin sanyin can ƙasa.

Na'urar ba ta auna zurfi da awon tsawo. Matsin ruwa take aunawa. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, sai a mayar da wannan adadi zuwa mitoci. Tare da ma'aunin matsi akwai na zafi, na haske, da agogo. Ma'aunin matsi yakan kauce sannu a hankali, har bayan watanni ya nuna mita 3 ko 4 alhali kifi yana saman ruwa. Ana gyara wannan ne ta hanyar duba mafi ƙarancin zurfin da aka samu a kowane tsakani a ɗauke shi a matsayin sifili. Dabarar tana aiki ga kifin da ke taɓa sama, amma ga wanda ba ya taɓawa, gyaran kansa yakan zama kuskure.

Na'urorin iri-iri ne. Akwai mai aika sauti, wadda sai da na'urar sauraro a kusa ko jirgi yana biye kafin a ji ta. Akwai mai ajiya, wadda ake tsaga cikin kifi a saka, a bar wani siririn tsinke mai ɗauke da ma'aunin haske ya leƙo waje, a ɗinke. Ita wannan ta fi kowace cikar bayani, amma sai an sake kama kifin an dawo da ita. Wadda ta fi shahara ga manyan kifaye ita ce mai tsinkewa ta taso. Ƙananan irinta nauyinsu bai wuce giram 60 ba. Tana da jiki mai ɗauke da batir da ma'aunai, da kai mai sa ta yi iyo, da eriya, da igiyar nailan ko waya da ta haɗa ta da wata 'yar kibiya ta roba ko ta ƙarfen titaniyam. Ana soka kibiyar a gindin fiffiken baya, a karkace, don ta sarƙe tsakanin ƙasusuwan da ke riƙe da fiffiken. In a tsoka kawai ta tsaya, jan ruwa zai tumɓuke ta cikin kwanaki. In an hau da kifin jirgi, a rufe masa ido da jiƙaƙƙen ƙyalle, a saka masa tiyon ruwan teku a baki, a auna tsawonsa, a gama komai cikin 'yan mintoci.

Ranar da aka tsara, na'urar kan tura lantarki cikin wani ɗan fil na ƙarfe, ruwan gishiri ya cinye shi cikin sa'o'i, ta rabu da igiya ta taso. Sai a lokacin take iya magana, domin saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri. Tana aikawa ne ta tsarin taurarin ɗan'adam na Argos, wanda ya fara aiki a 1978, kuma saƙonninsa gajeru ne ƙwarai, batirin ma yakan mutu bayan mako ɗaya ko biyu na aikawa.

A nan ne ake asarar da ta fi ba mu takaici, domin asara ce ta saiti, tun kafin na'ura ta taɓa ruwa. Wadda ke rubuta zurfi duk daƙiƙa 5 tana tara awo 17,280 a rana. Tauraro ba zai kwashe wannan ba, dole a taƙaita. In aka zaɓi awo ɗaya duk minti 10, an koma 144 a rana, gajerun tasowar da tuna ke yi don ɗumi za su fito a gutsure. In kuma aka ce na'ura ta dunƙule sa'o'i 24 a jadawali ɗaya, dare da rana sun cakuɗe: kifin da ya wuni a mita 500 ya kwana a mita 30 zai bar tsibi biyu ba tare da an san wanne ne na wane lokaci ba, matsakaicinsu kuma ya faɗa a zurfin da bai taɓa zama ba. Ko an raba gida biyu, sa'o'i 12 kowanne, agogon na'ura yana kan lokacin Girinwic ne, wato GMT. Sai an daidaita rabon da alfijir da magaribar wurin da aka saki kifin, a kuma tuna cewa duk digiri 15 da ya matsa gabas ko yamma, alfijirinsa ya goce da awa guda. Shawararmu ita ce a rage tsawon watannin aiki a ƙara yawan awo, in dai hawa da sauka ake son gani.

Sannan ba duk abin da na'ura ta rubuta ba ne halin kifin. Kwanakin farko bayan saki kifi yana cikin gigita, yakan yi abin da ba ɗabi'arsa ba, don haka a ware su. In zurfi ya tsaya cak kwana biyu ko uku, ko kifin ya mutu yana kwance a ƙasa, ko na'urar ta cire tana yawo a sama, shi ya sa ake saita ta ta saki kanta in ta ga haka. Akwai kuma kariyar da ke raba ta da gawar da ke nutsewa kafin ta wuce kimanin mita 1,800, kada matsi ya murƙushe ta. In haske ya ɗauke gaba ɗaya na kwanaki, zafi ya daina sauyawa duk da zurfi yana hawa yana sauka, to wani ya haɗiye ta, bayanin da ke zuwa na mai haɗiyar ne. Wata ma yana da hannu: a daren farin wata kifaye da yawa sukan zauna ƙasa fiye da yadda suke yi a daren duhu, saboda haka bayanin mako ɗaya ba ya isa a yanke hukunci.

Mu koma kan taswira. Na'urar ba ta da GPS a ƙarƙashin ruwa, da haske take gano wuri. Lokacin da rana ta take tsaka yana nuna gabas da yamma, tsawon yini yana nuna kudu da arewa. Kuskuren minti 4 a gane tsakar rana digiri ɗaya ne, wato kimanin kilomita 111 a kan layin da ya raba duniya kudu da arewa. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita a ko'ina, lissafin kudu da arewa yakan rushe. Ga kuma babbar matsalar: kifin da ke nutsewa da alfijir ya taso da magariba yana guje wa hasken ne daidai lokacin da na'ura ta fi buƙatarsa. Shi ya sa taswirar kifin takobi take cikin masu wuyar samu, sai an haɗa da zafin saman ruwa da zurfin ƙasan teku kafin a rage kuskuren.

Wannan ilimi yana shafar kamun kifi kai-tsaye. Masu shimfiɗa doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi sukan sa ta sama-sama da dare don kifin takobi, a nan kuma kunkurun teku da kifin shak ke faɗawa. A gaɓar Kalifoniya an yi amfani da bayanan zurfi aka koma saukar da ƙugiya can ƙasa da rana, inda kifin takobi yake, yawancin waɗanda ba a nema kuma suna sama. A gabashin Atlantika da gabashin Fasifik masu zafi, ruwan da ke da ƙarancin oksijin yana kusa da sama, yana takure manyan kifaye a siririn fili. A irin wurin nan kamu yakan yi yawa ko da kifin yana raguwa, domin an matse shi ne inda ƙugiya take. Hukumar da ta lissafa yawan kifi da yawan kamu kaɗai, ba ta duba zurfi ba, za ta yaudari kanta.

Roƙonmu ga duk wanda ya tsinci irin wannan na'ura a jikin kifi ko a bakin teku: kada ya yanke tsinken ko eriyar, kada ya buɗe ta. Ya ɗauraye ta da ruwa marar gishiri, ya rubuta ranar da wurin, da tsawon kifin in akwai, ya tuntuɓi adireshin da ke rubuce a jikinta. Ko batirin ya mutu, cikakken awon da tauraro bai iya ɗauka ba yana nan a ajiye a cikinta.

Naka,
Wasu masu nazarin kifayen teku