Tambayar da'ira biyu ba guntuwa ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman lissafi.

Jikata ta dawo daga makaranta ranta a ɓace, wai an ba su tambaya guntuwa. Da'ira biyu ne, ƙarama a cikin babba, cibiyarsu ɗaya. An ja miƙaƙƙen layi daga bakin babbar zuwa wani bakin, ya shafi ƙaramar a ɗigo ɗaya tak, tsawonsa santimita 24. Aka ce a nemo girman filin zoben da ke tsakaninsu. "Kaka, ai ba a faɗi girman ko ɗaya ba!" Ni kaina, da na shekara 30 da alli a hannu, sai da na yi jim.

Muka ɗauko kamfas da rula. Layin da ya taso daga cibiya zuwa ɗigon shafar yana yin kusurwa mai digiri 90 da dogon layin, ya kuma raba shi biyu daidai, 12 da 12. Yuklid, masanin lissafi na zamanin Girkawa, ya tabbatar da haka tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙara wani layi daga cibiya zuwa ƙarshen dogon layin, sai ga alwatika: rabin faɗin babbar R, na ƙaramar r, da 12. Ka'idar Fitagoras, ta alwatika mai kusurwar digiri 90, ta ce R² − r² = 12², wato 144. Filin zoben kuwa πR² − πr² ne, wato 144π (π wajen 3.14 ne), kimanin murabba'in santimita 452.

Ba ta yarda ba, taurin kai gado ne. Ta gwada 13 a matsayin R da 5 a matsayin r, ta samu 144. Ta gwada 15 da 9, haka. Na ce gwada 37 da 35, zobe siriri kamar zare: 1369 − 1225, nan ma 144. Da kanta ta tambaya, in ƙaramar ta ƙanƙance ta koma ɗigo fa? Sai ya zama da'ira ɗaya mai rabin faɗi 12, filin bai motsa ba. Wannan lurar ce ta sa Mamikon Mnatsakanian, yana ɗalibi a Armeniya a 1959, ya fara wata hanyar auna fili ta hanyar zane.

Abin da ya ƙona mini rai, na buɗe littafinta na aji, shafi huɗu na ƙa'idoji a jere, babu zanen da'ira ko ɗaya. Malamai, don Allah a bar yara su ja layin nan da hannunsu kafin a rubuta musu R². Kai kuma Edita, in da hali, a buga zanen a shafin yara.

Naka,
Tsohon malamin lissafi