Wasiƙa zuwa Riyad: yarinyar da ka ce ba ta da zuciya

Kaduna,
25 ga Nuwamba, 2025

Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, leɓe duk ya tsage, yara sai tari. Na ga saƙonka kan maganar rufin gida, zan zo kanta. Amma ka fara biyana bashin da nake bin ka.

Ka tuna saƙon muryar da ka turo mini a watan Satumba? Yana nan, ban goge ba. Dariya kake har kana shaƙewa, wai "'yar gidanka ta sake narkewa." Ka ce Jeeno Thitikul, 'yar wasan golf ɗin nan, ta iya bugu, amma in aka zo wurin yanka sai hannunta ya ɗauki rawa, ba ta da zuciya. Na yi shiru, ka ɗauka fushi na yi, har ka aiko uwargidanka ta tambayi tawa ko lafiya. Lafiya lau, jira nake. To shekaranjiya Lahadi, a Naples ta jihar Florida, ta sake ɗaga kofin CME, gasar rufe shekara ta golf ɗin mata a Amurka. Shekara biyu ke nan a jere. Bugu 26 ƙasa da fa, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa ramuka, tazarar bugu 4 tsakaninta da mai bi mata, Pajaree Anannarukarn, wadda ƙawarta ce kuma 'yar ƙasarsu Tailan. Nelly Korda ɗinka da kake ta yi mini kirari da ita ta uku ta zo. Dala miliyan 4, Dogo. Na buga lissafi a waya, ya haura naira biliyan 5, na kashe wayar na yi salati.

Ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Matsakaicin bugunta na bana 68.68 ne a kowane zagaye na rami 18, mafi ƙaranci da aka taɓa yi a gasannin mata na Amurka, kuma a golf mai ƙarancin bugu ne gwani. Annika Sörenstam ce ke riƙe da wannan tarihin tun 2002, lokacin da mu muke ganin babu wadda za ta taɓa shi har abada, kuma a shekarar ba a ma haifi yarinyar nan ba, sai Fabrairun 2003. Ga kyautar gwarzuwar shekara ta haɗa, ga ta ta ɗaya a duniya tun watan Agusta. Shekarunta 22. Mu a 22 me muke yi? Kai dai na san kana bin layin neman biza da takalmin aro.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. Eh, abin da ya faru a gasar Ohio a watan Satumba ya faru, na gani da idona. Tana gaba da bugu ɗaya, rami na ƙarshe, fa 5, ta hau girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ramin yake, da bugu biyu. Gangarawa biyu, wato ɗan bugun tura ƙwallo cikin rami, kawai take buƙata ta kusan gama magana. Sai ta yi huɗu. Ta farko ta wuce ramin, ta biyu ta goce, ta uku wadda ko 'yata Auta za ta saka ita ma ta ƙi faɗawa. Charley Hull da ta riga ta fitar da rai sai ga kofi a hannunta. Na ajiye wayar a kan tabarma na fita tsakar gida, uwargida tana tambayata wa ya rasu. Ban musa maka wannan ba.

Amma kai ne za ka yi wa wani dariyar gangara ƙwallo? Kai? Ranar gasar 'yan ɗaukar jaka, wa ya tsaya a rami na 18 da tazarar da ba ta kai tsawon takalmi ba, ya duƙa, ya tashi, ya zagaya, ya sa aka sake jan buhu a kan yashin don wai akwai sawun kaza, sannan ya buga ƙwallo ta tsaya a leɓen rami? Rediyon nan na kyautar gasar har yau yana gidan Gajere, kuma har yau yana kamo tasha. Duk sanda na je sai ya kunna mini ya ce in gaishe ka. Kuma ka tuna namu yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, in ka buga ƙwallo tana tafiya tana barin layi, mai bi maka ma ya ga hanya. Nasu ciyawa ce da aka aske ƙwal, ga gangara ta ɓoye, ga dubban mutane sun yi tsit suna kallon hannunka, ga kyamara a hancinka.

Abin da nake so ka duba shi ne abin da ya biyo baya. Wata guda bai cika ba ta je Shanghai. Ramuka kaɗan suka rage tana bayan Minami Katsu ta Japan da bugu 4, kowa ya gama cewa an gama. Ta kamo ta, aka tafi raba-gardama, rami biyar suna kai da kawowa kafin ta kayar da ita. Wanda abin Ohio ya karya, ba ya iya tsayawa rami biyar a raba-gardama. Da ni ne, wallahi sai na shekara ban taɓa sandar gangarawa ba. Kuma bara ma a wannan filin na Naples, Angel Yin tana gabanta da bugu 2 saura rami biyu, ta yi igul a na 17, wato bugu biyu ƙasa da fa, ta yi bedi a na 18, wato bugu ɗaya ƙasa da fa, ta ɗauke kofin da bugu ɗaya. A shekarar ta tara sama da dala miliyan 6, ta karya tarihin tara kuɗi a shekara ɗaya da Lorena Ochoa ta kafa a 2007. Kuma shekarar ce ta fara a makare saboda ciwon babban yatsa. Ina rawar hannun a nan?

Af, kafin in manta, Mai-gobe ya rasu. Wancan makon aka yi sadakar bakwai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na je gaisuwa, ina zaune cikin mutane sai na tuna yadda yake laluba aljihu bayan ka sha rana da jakarsa rami 18, ya ce "yaro, gobe." Na danne dariya da ƙyar, Allah ya yafe mini. Jakar nan tasa mai nauyin tsiya tana jingine a zaure, sandunan sun yi tsatsa, 'ya'yan ba wanda ya san ta kansu. Na so in tambaya ko za su sayar, na ga ba lokacinsa ba ne. Ka san a can, in an bi al'ada, mai ɗaukar jaka yakan samu kashi 10 cikin 100 idan ubangidansa ya ci kofi. Ka yi lissafin kashi 10 na dala miliyan 4, sannan ka tuna mu da muke rarrafe cikin ciyawa muna tsintar ƙwallayen da suka ɓata, mu wanke da omo mu sake sayar wa masu su.

Ita ma fa ba 'yar masu kuɗi ba ce, wannan ne ya sa tun farko na ɗauke ta tawa. A Ban Pong aka haife ta, lardin Ratchaburi, yamma da Bankok. Mahaifinta wurin wankin mota gare shi, kuma babu mai buga golf a gidansu. Tana ƙarama ta cika laulayi, likita ya ce a sa ta wani wasa ta riƙa shan iska. Tana shekara 6 aka ce ta zaɓa, tanis ko golf, ta kalli duka biyun a YouTube ta ga tanis gudu ya yi yawa, ta zaɓi golf. Kai ma da dalilin da ya sa ka bar ƙwallon ƙafa ke nan, sai dai kai ba ka zama komai ba.

A Yulin 2017, tana da shekara 14 da wata 4 da kwana 19, ta ci gasar ƙwararru ta matan Turai da aka yi a Pattaya. A lokacin babu wanda ya taɓa cin gasar ƙwararru da ƙarancin shekaru haka, mace ko namiji. Kuma ko sisi ba ta karɓa ba, don ba ta shiga sahun ƙwararru ba tukuna, kuɗin na ɗaya aka miƙa wa wadda ta zo ta biyu, Ana Menendez ta Meziko. Ka ji fa. Ka ci gasa, a ba ka kofi, a ba wata kuɗin a gabanka. Ta sake cin wannan gasar a 2019, nan ma haka. Da ta zama ƙwararriya a farkon 2020 sai korona ta rufe duniya, ta zauna gida tana cin ƙananan gasannin ƙasarsu. 2021 ta je Turai ta zama ta ɗaya a jadawalinsu, 2022 ta shiga Amurka ta ci kofi biyu, ta hau ta ɗaya a duniya tana shekara 19. Lydia Ko kaɗai ta riga ta hawa da ƙarancin shekaru. Mako biyu ta yi a kai Nelly ta karɓe. Lokacin sunanta Atthaya a allo, sai bara ta koma amfani da Jeeno, sunan da ake kiranta da shi a gida.

Yanzu ga inda nake ba ka gaskiya, amma rabi. Manyan gasannin nan biyar na golf ɗin mata, har yau ba ta ci ko ɗaya ba. Wannan shi ne ƙashin da ya tsaya mini a wuya. Evian ta bana a Faransa, ɗaya daga cikinsu, ta fi ta Ohio yi mini ciwo nesa ba kusa ba. Ta samu damar gamawa a rami na ƙarshe, ƙwallo ta ƙi faɗawa. Grace Kim ta Ostareliya kuwa ta yi igul ta kamo ta. Aka je raba-gardama, Kim ta jefa ƙwallonta cikin ruwa, na miƙe tsaye na ce shi ke nan, Allah ya kawo mu. Sai Kim ta ajiye wata ƙwallon a gefe, ta ɗaga ta, ta gangara ta faɗa rami. Daga ruwa fa! A rami na gaba ta sake yin igul. To wannan me za ka ce Jeeno ta yi? Rabo ne, in ya rantse sai mai shi. Amma na yarda, in aka ƙara shekara biyu ko uku babu babban kofi, surutun zai fara shiga kanta, kowane ɗan jarida tambayar da zai fara yi mata ke nan. Abin da nake tsoro ke nan, ba hannunta ba. Ita dai a fuska ba ka ganin komai, ko ta zubar da bugu tana murmushi tana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Kai kana ganin rashin damuwa ne, ni ina ganin shi ya sa ta iya tashi bayan Ohio.

Kuma wai kai da bakin magana! A watan Fabrairu yarinyar nan ta zo har Riyad, garin da kake, ta ci gasar matan Saudiyya, ba ka je ba. Na roƙe ka ka je ko hoto ka ɗauko mini, ka ce aiki. Daga baya na ji a bakin ƙaninka cewa walimar kabsa kuka tafi. Ni da nake nan ina ƙona data cikin dare, a ɗauke wuta in koma mota in sa caji, sauro na cizo, ni ne ban gan ta ba, kai da ke da ita a bayan gida ka zaɓi shinkafa.

Wata rigimar kuma da ta taso mini a gida, Auta ce. Tun da ta ga ina kallo ta maƙale mini, yanzu ta samu guntun bututun ruwa ta lanƙwasa bakinsa, ta haƙa rami a gindin dalbejiya, tana buga 'ya'yan goruba. Jiya ta fasa gilashin tagar kicin. Amma Dogo, ka ga yadda take juya kafaɗa? Ba wanda ya koya mata, kuma kanta ba ya ɗagowa sai ta gama bugu, abin da kai har ka bar filin ba ka iya ba. Ta ce in kai ta fili. Hajiya ta ji, ta ce 'ya mace da sandar Turawa a tsakiyar maza, ba da ita ba, kuma wai ni ne na ɓata yarinya da kallon banza. Uwargida ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, tambayarta ɗaya, nawa ne. Na je na tambayi kuɗin sandunan yara na hannu, na dawo ban gaya mata ba. Shi ya sa jakar Mai-gobe ta tsaya mini a rai, in an yanke sandunan aka sa sabon mariƙi za su yi mata. Kai kana da fada wurin Hajiya fiye da ni, in ka kira gaisuwar Juma'a ka ɗan sa baki, amma kada ka ce ni na sa ka. Ka gaya mata doguwar riga da wando da hula za ta sa, kuma ni zan riƙe mata jaka da kaina, aikin da na fi ƙwarewa a kai ke nan.

Gajere zai aurar da 'yarsa ta biyu bayan ƙaramar salla, ya ce in ba ka zo ba kada ka ƙara kiransa. Angon ɗan wajen Malam mai gyaran keke ne, wanda ka taɓa mari saboda ya kira ka Zangalo, yanzu ya zama babban mutum yana sayar da sola a kasuwa, sai ka shirya ba shi haƙuri. In za ka taho ka dubo mini safar hannu ta golf ta yara, ta hagu, mafi ƙanƙanta da suke da ita, da dabino ajwa na Hajiya.

Ka gaida Maman yara da su Baba ƙarami. Ina jiran saƙon murya, kuma da irin dariyar nan nake son ka fara.

Naka,
Abokin ɗaukar jaka