Wasiƙar godiya ga ma'aikatan Playground Games kan wasan Forza Horizon 5

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin Playground Games,
Leamington Spa, Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne domin mu yi muku godiya a bainar jama'a kan Forza Horizon 5, wasan tseren motocin da kuka saki a watan Nuwamba na 2021. Yabon gwani ya zama dole. Kyan hoto da ƙarar inji kowa ya gani, kowa ya ji, har an ba ku lambobin yabo uku a bikin The Game Awards na shekarar. Mu abin da ya sa muka ɗauki alƙalami daban ne: kun gina wasa da ɗan koyo zai shiga ba tare da an kunyata shi ba, gwani kuma ya shekara yana kwance mota yana ɗaurawa bai ƙure shi ba.

Bari mu fara da ƙasar kanta. A wasannin Forza Horizon na baya, tun daga Kolorado a 2012, da kudancin Faransa da arewacin Italiya a 2014, da Ostareliya a 2016, da Birtaniya a 2018, ba ku taɓa shimfiɗa fili mai fuskoki da yawa kamar Meziko ta wannan wasa ba. Mutum zai gangaro daga dutsen La Gran Caldera mai aman wuta, ya ratsa tuddan yashi, ya shiga kurmi ya wuce ta kufan Ek' Balam, ya ɓulle a lungunan Guanajuato da hanyoyinta na ƙarƙashin ƙasa, ba a tsayar da shi ana loda wani sashe ba. Abin yabon shi ne taya ta san banbancin waɗannan wurare. A kwalta tana kamawa, a burji tana ɗan zamewa kafin ta kama, a yashi kuwa gudu yana mutuwa idan aka murɗa sitiyari da yawa. Wanda ya ɗauki Corvette, ɗaya daga motoci ukun da ake fara wasa da su, ya nufi daji da ita, zai gane dalilin da ya sa kuka ajiye Ford Bronco a gefenta.

Babban aikin da muka fi gode muku a kansa shi ne matakan taimakon tuƙi, domin kowane ɗaya ana kashe shi shi kaɗai. Layin da ke shimfiɗe a kan hanya shuɗi ne muddin gudun ya dace da kwanar da ke gaba, ya koma rawaya idan ya kamata a saki totur, ya yi ja idan birki ya wajaba. Kuskuren sabon shiga kusan guda ne: yana jira sai ya shiga kwana sannan ya taka birki yana murɗa sitiyari a lokaci ɗaya. Tayar gaba ba ta iya ɗaukar aikin biyu gaba ɗaya, sai motar ta ƙi kwana ta miƙe zuwa bango. Maganin shi ne a gama yawancin birki mota tana miƙe, a sassauta shi sannu a hankali yayin da ake karyawa, a jira har hancin mota ya kalli mafita kafin a ba ta wuta. Maɓallin komar da lokaci baya ya sa ana iya maimaita kwana ɗaya har hannu ya saba, ba sai an sake tseren daga farko ba. Kuma kun yi adalci, tunda a gasar neman lokaci mafi sauri, zagayen da aka yi amfani da maɓallin ko aka daki bango ana yi masa alama, ba ya gogayya da zagaye mai tsabta.

Ga tsarin da muke ba masu koyo shawara su bi, kuma wasanku ne ya ba da damar hakan. A fara rage layin ya zama na birki kawai. Bayan haka a kashe mai daidaita mota idan ta fara juyawa, domin yana cin gudu a kowace kwana. Sannan a koma giyar hannu, wadda ke ba direba ikon riƙe giya ɗaya a doguwar kwana maimakon na'ura ta canza masa a tsakiya ta jijjiga motar. Mai hana taya juyawa a banza ana iya kashe shi da wuri a mota mai ja da tayoyi huɗu, amma a mota mai ja da baya wadda ƙarfinta ya haura doki 600 gara a bar shi sai yatsa ya koyi matsa totur rabi. ABS, wato mai hana birki kulle tayoyi, shi ne na ƙarshe. Idan babu shi, matse birki har ƙarshe yana kulle tayoyi, sitiyari ya daina aiki. Hannun buga wasa na Xbox yana karkarwa a ƙarƙashin yatsa daidai lokacin da tayar ke shirin kullewa, kuma wannan ƙaramin abu ya koyar da mutane fiye da dogon bayani. Duk taimakon da aka kashe, da duk matakin da aka ƙara wa abokan tsere na kwamfuta, ana ƙara kuɗin da ake biya a ƙarshen tsere.

Rabon motoci aji-aji bisa makin da ke auna ƙarfin kowace mota shi ma ya yi ma'ana. Ajin D ya tsaya a maki 500, C a 600, B a 700, A a 800, S1 a 900, S2 a 998, sai X a 999. Kowane kayan da aka ɗaura wa mota yana cin maki, don haka gyara ya zama ciniki. Mai gaggawa yakan zuba makinsa duka a inji, ya fito da mota mai gudu a miƙaƙƙiyar hanya wadda ba ta tsayawa, ba ta kwana. Wanda ya san abin yakan fara da taya da faɗinta, ya rage nauyi, ya sa birki da sifirin na tsere, abin da ya rage ya ba inji. A ganinmu ajin A da S1 ne gishirin wasan. A S2 hanyoyin sukan yi wa motar kaɗan.

Sai ɗakin saiti, inda mai son kanikanci zai manta da dare ya yi. Kun buɗe iskar taya, da tsawon giya, da karkatar taya, da sandunan hana mota kwantawa gefe, da sifirin, da shakazoba, da fukafukan iska, da rabon birki, da na'urar raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi. Abin da ya sa wannan bai zama lalube a duhu ba shi ne allon awo da ake kunnawa ana cikin tuƙi, wanda ke nuna zafin kowace taya kashi uku: ciki, tsakiya da waje. Idan tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu suka fi tsakiya, iska ta yi kaɗan. Idan waje ya fi ciki zafi bayan kwana, tayar na bukatar ƙarin karkata zuwa ciki. A motar kwalta ana iya farawa da digiri 1 zuwa 1.5 a gaba, ƙasa da haka kaɗan a baya. Motar da ke ƙin kwana a sassauta mata sandar gaba ko a ƙarfafa ta baya. Wadda bayanta ke zamewa da zarar an ba ta wuta a rage mata kullewar na'urar rabon ƙarfi ta baya. Mai ja da huɗu kuwa, idan aka tura kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na ƙarfin zuwa baya, sai ta daina turjiya a kwana. Idan inji yana kai ƙarshen kukansa a giyar ƙarshe tun kafin miƙaƙƙiyar hanya ta ƙare, giyar ta yi gajarta. Doka ɗaya ce ba a karyawa: a canza abu ɗaya, a zagaya hanya ɗaya, a duba lokaci. Mai taɓa abu biyar a tare ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Wanda kuma ba shi da wannan haƙuri, kun ba shi lamba mai alƙaluma 9 da zai shigar ya sauke saitin wani gwani.

Sauyin yanayi na kowane mako yana hana wannan ilimi tsufa. Duk ranar Alhamis da ƙarfe 3:30 na yamma agogon Najeriya da Nijar ake juyawa, daga damina zuwa lokacin guguwa, zuwa rani, zuwa bazara. Wurin da aka bi a bushe makon jiya, wannan makon ruwa ne ke cin gudun mota. Guguwar ƙurar da ke tasowa daga hamada tana rufe ido kamar hazon hunturu a hanyar Katsina, sai direba ya koma dogaro da ƙaramar taswirar da ke gefen allo.

Akwai wata godiya da ta shafe mu kai tsaye. A inda intanet ke yankewa, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, tsarin Horizon Solo ya ba mutum damar yin tsere da yawo ba tare da haɗuwa da kowa ba, wasan kuma yana adana ci gaba da kansa bayan kowane tsere. A kwamfuta ma ba ku tsawwala ba: RAM na gigabait 8 da katin hoto irin GTX 970 ko RX 470 sun isa a fara. Gwajin da ke cikin saitin hoto yana nuna ko na'ura za ta iya riƙe hoto 60 a daƙiƙa kafin a shiga tsere. Idan gargaɗin ƙarancin ma'ajiyar katin hoto ya fito, ingancin fatar ƙasa da gine-gine ake fara ragewa. Idan kuma hanya tana jinkirin bayyana a babban gudu, tsohon faifai ne ba ya iya kawo bayanai da sauri, SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ne maganinsa.

Ba za mu rufe ba sai mun ambaci masu bukata ta musamman. A watan Maris na 2022 kun ƙara masu fassara da yaren kurame na Amurka da na Birtaniya a wuraren da ake ba da labari. Akwai gyaran launi ga wanda ba ya bambance wasu launuka, akwai ƙara girman rubutu, akwai rage saurin wasan gaba ɗaya ga wanda hannunsa ba ya saurin amsawa. Ɗaya daga lambobin yabon nan uku ma a kan wannan fanni aka ba ku, kuma kun cancanta.

Roƙonmu guda ne. Wasan ya haura gigabait 100 tun ranar da ya fito, kuma ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Idan a wasa na gaba za a iya barin mutum ya zaɓi sauke hoto mai sauƙi, ya bar mai nauyin ga masu manyan allo, da jama'a da yawa a wannan yanki sun samu shiga.

Muna gaishe da masu zanen hanyoyi, da masu naɗar ƙarar injina, da waɗanda suka zauna suna lissafin yadda taya ke kama ƙasa. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Wasu masu buga wasan tseren motoci da saita su.