Wasiƙa zuwa Tarkwa, kan maganar autanmu

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya damina a can? Tun ƙaramar sallah rabona da muryarka, sai hoton nan da ka turo da hular kwano a bakin rami. Zinaren Ghana ya karɓe ka, na ga har tumbi ya leƙo, kai da kake riga kowa hawa Kufena ko haki ba ka yi.

Maganar autanmu ce ta zaunar da ni rubutu. Ya gama bautar ƙasa, ya dawo da digirinsa na jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, gida kuma ya ɗau zafi. Baba ya kafe, shi dai sai aikin mai. Tun da Buhari ya je Kolmani a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar da haƙar mai a iyakar Bauchi da Gombe, tsoho ya sa a ransa ɗansa NNPC zai shiga. Na ce masa, Baba, a ajinmu mutum nawa suka samu mai? Kai ma ka san yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga su. Kuma duk sanda farashin ɗanyen mai ya karye, kuɗin bincike ake fara yankewa. Har wani ɗan cuwa-cuwa ya zo zaure yana cewa yana da hanya, a kawo kuɗi. Allah ya taimaka ina gida ranar.

Shi kuwa yaron hankalinsa na wani wuri. Makon jiya na tafi da shi wani ƙauye inda na yi awon rijiyar burtsatse. Ka san ƙasarmu, dutse ne a ƙasa, ruwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Muna tsaye ƙura na tashi fara fat, can sai ta yi duhu ta fara dunƙulewa, daga nan ruwa ya yi tsiri sama. Yara na ihu, mata na guɗa, mai unguwa ya rungume ni. Na waiwaya, sai ga auta a tsugunne yana ɗauraye wata 'yar gora sau uku, ya cika ta, ya rubuta kwanan wata a jiki. Wai kada a sha sai an auna sinadaran da ke ciki, domin ya lura haƙoran yaran garin sun yi ruwan ƙasa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ban taɓa ganinsa da natsuwa irin ta ranar ba.

A mota ya buɗe min cikinsa. Sinadaran ƙasa da ruwa yake so ya ƙware a kai, kuma Zamfara ce ta jawo shi. Ka tuna 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinaren cike yake da dalma, ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitoci sun yi nasu, amma sai da aka bi gida-gida da na'urar awo, aka kankare ƙasar sama aka zuba sabuwa. Sai ga shi abin ya sake faruwa a Shikira ta jihar Neja a 2015. Ya ce, Yaya, da akwai irinmu kusa da wuraren nan, da an gano da wuri. Me zan ce masa?

Af, ka ji angon Samaru ya ƙara aure? Mu ma a bakin mai shayi muka ji, ko katin gayyata bai aiko ba. Kuma sun rushe shagon nan da muke kwafar taswira da dare.

To, abin da nake ta nuna wa Baba shi ne, wannan fannin ba zaman banza ba ne. Hukumar binciken ƙasa, wadda asalinta tun 1919, tana da ɗakunan gwaje-gwaje nan Kaduna, ƙafa ma ta kai shi. Kamfanonin siminti, ko Ashaka ko Kalambaina ko Obajana, ba sa rabuwa da mai auna dutsen farar ƙasa, domin in haɗin ya kauce simintin ya lalace. Ga litiyom, ma'adinin nan na yin batir, da ake rububinsa a Nasarawa, mutanenmu na sayar da dutse da buhu ba tare da sanin nawa ne ma'adinin da ke ciki ba, mai saye shi kaɗai ya sani. Wannan yana ci min rai ƙwarai. Na dai ce ya fara bin hanyar rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana jiyoloji rajista, ya riƙa bina fili kafin wata ƙofa ta buɗe, ko ba komai zai koyi karanta ƙasa da hannunsa.

Ga tambayata. Jami'ar ma'adanai da ke nan garinku, digiri na biyu a can zai amfane shi fiye da Zariya ko Jos? Kuma kamfanonin zinare na ba ɗalibi baƙo damar sanin makamar aiki a ɗakin gwajinsu? Ka bincika min da gaske, ba irin bincikenka na maganar fili ba, da har yau nake jira.

Hajiya na gaishe ka, ta ce goron da ka yi mata alkawari ko a ƙafa yake tahowa ya ci a ce ya iso. In za ka zo babbar sallah ka taho min da gudumata, na gan ta a hoton nan a rataye a ƙugunka. Auta zan ba.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
abokinka na Kaduna