Turmin Shekara Shida Ba Ya Famfara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyaye kan haƙoran yara. Idan aka nuna wa uwa ko uba baƙin ɗigo a haƙorin yaro, amsar da aka saba ji ita ce, "Ai zai yi famfara." Wannan magana ta jawo wa yara da yawa asarar haƙoran da ba za su sake tsirowa ba.

Yaro yana da haƙoran nono guda 20. Na farko kan fito wajen wata shida, su cika kafin ya kai shekara uku. Babban mutum kuma 32 gare shi. Wajen shekara shida, turame huɗu na dindindin suna fitowa can ƙuryar baki, biyu a sama biyu a ƙasa, a bayan haƙoran nono na ƙarshe. Babu haƙorin da ke faɗuwa don ya ba su wuri, sau da yawa ma babu zafi, shi ya sa iyaye ke lissafa su cikin na nono. Gane su ba wuya. A fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya: na nono biyar ne a kowane ɓangare, na shida shi ne turmin da muke nufi. Idan ya ruɓe aka cire, giɓin ya zauna ke nan.

Waɗannan turame sun fi kowane haƙori saurin yin kogo. Samansu na da tsagogi masu zurfi inda abinci ke maƙalewa, kuma a watannin farko ba su kai tsayin na gabansu ba, sai buroshi ya bi ta kansu bai taɓa su ba. Dabarar ita ce a shigar da buroshin ta gefen baki, a giciye, a goge saman turmin shi kaɗai. A asibitin haƙori akan toshe tsagogin da wani abu mai kama da man shafawa wanda ke daskarewa, ba allura, ba zafi, kuma kuɗinsa bai kai na cike kogo ba.

Su ma haƙoran nonon ba abin banza ba ne. Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Wanda nasa suka ruɓe yana ɗan shekara huɗu, shekara nawa zai yi yana tauna da gefe ɗaya yana kukan dare? Ƙari a kan haka, su ne ke riƙe wa na dindindin wuri. In an cire su da wuri sai na baya su matso, sabon haƙori ya rasa hanya ya fito a karkace. Mugunyar da ta taru a saiwar na nono tana iya ɓata wanda ke ƙarƙashinsa tun bai fito ba.

Babu tsutsa a cikin haƙori, ko da me masu tallar magani a kasuwa za su nuna a faranti. Abin da ke faruwa shi ne, wani farin datti mai danƙo yana taruwa a jikin haƙori kullum, cike da ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su mayar da shi asid, asid ɗin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori na kimanin rabin awa ko fiye, kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Saboda haka yawan lokutan da ake shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. Yaron da ya sha alawa biyar bayan abincin rana ya fi samun sauƙi a kan wanda ya tsotsi ɗaya da safe, biskit da hantsi, lemon kwalba da azahar, gullisuwa da la'asar, shayi mai sukari da dare. Na biyun bakinsa bai huta ba tun safe. Ba mu ce a hana yara zaƙi ba, wannan ba zai yiwu ba a gidan da kaka take. A haɗa shi da lokacin abinci, tsakanin abinci kuma a ba da ruwa, gyaɗa, ko 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, in da hali ma rabin haka. Zoɓo da kunun aya da aka zambaɗa wa sukari suna cikin lissafin.

Mafi muni shi ne kwantar da jariri da fida a baki, cike da shayi, ruwan sukari ko madara mai zaƙi. Da dare yawu yana raguwa ƙwarai, zaƙin ya kwana a kan haƙoran gaba na sama. Alamar farko farin layi ne kamar alli a gindin haƙori, dab da dasashi. A wannan mataki ana iya tsayar da shi. In ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, kogo ya riga ya fara. Uwa ta riƙa ɗaga leɓen yaro na sama sau ɗaya a wata ta duba a cikin haske.

Goge baki sau biyu ne a rana, minti biyu kowane karo, kuma na dare ya fi muhimmanci, bayansa ba a cin komai sai ruwa. Ana farawa ranar da haƙorin farko ya fito. A duba jikin kwalin man goge baki a tabbatar yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, da lamba tsakanin 1000 da 1500 ppm. Yaron da bai kai shekara uku ba a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kwatankwacin ƙaramar ƙwayar wake. Buroshi ya zama mai laushi da ƙaramin kai. A karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ƙananan zagaye, waje da ciki da saman tauna. Gurzawa da ƙarfi hagu da dama tana cinye wuyan haƙori, shi ne daga baya mutum ke jin tsami idan ya sha ruwan sanyi. Bayan an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa. Wannan ne mutane suka fi yi wa gardama, amma kurkurewa tana wanke fuloraid ɗin kafin ya yi aikinsa. Hannun yaro ba ya iya gogewa da kyau sai wajen shekara bakwai ko takwas, don haka babba ya riƙa yi masa, ko ya bi bayansa. A sauya buroshi duk wata uku ko da zarar ya baje, kuma kowa da nasa.

Asuwaki sunna ne, kuma yana cire datti sosai idan an iya. A yanke bakin da aka yi amfani da shi, a tauna sabo har ya yi laushi, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori. Inda yake gazawa shi ne bayan haƙora da turamen ƙurya, domin sandar a miƙe take. A yi asuwaki da rana a lokutan alwala, safe da dare kuma a yi buroshi da man goge baki. Gawayi, toka da gishiri suna kankare ɓawon haƙori, shi kuwa ba ya dawowa.

Jini a lokacin goge baki alama ce ta kumburin dasashi saboda datti, don haka ba dalilin daina gogewa ba ne. In aka dage da gogewa a hankali, yakan tsaya cikin mako ɗaya zuwa biyu. In bai tsaya ba, dattin ya riga ya daskare ya zama tsakuwa, sai an je wankin haƙori a asibiti. Masu cewa wankin yana sa haƙori girgiɗa sun juya maganar: tsakuwar ce ta riga ta cinye ƙashin da ke riƙe da shi. Masu ciwon sukari da mata masu ciki su fi kowa lura, kuma ciki ba ya hana a duba haƙori.

Idan ciwo ya taso, kada a ɗora asfirin a kan dasashi, yana ƙona shi. Haka ruwan batir, fetur da garin taba. Farasitamol daidai da shekarun mai ciwo, da kurkure baki da rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi, za su riƙe mutum kafin ya ga likita. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, ba ya cike kogo. Haƙorin da ya yi ta ciwo sannan ya yi shiru da kansa, galibi jijiyarsa ce ta mutu, kumburi na tafe. Kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko buɗe baki, ba ya jiran wayewar gari, domin yana iya toshe numfashi.

Fitar haƙori tana sa dalalar yawu, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo gudawa mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti, kada a zauna ana cewa haƙori yake yi. Yaro ba ya buƙatar maganin fitar haƙori. Ba a manta da maganin My Pikin ba, wanda ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 saboda guba da ke cikinsa. Tsaftataccen yatsa a murza dasashi ya isa.

Akwai kuma cutar noma, wadda ke kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Tana farawa da gyambo a dasashi da mugun warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

In yaro ya faɗi haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar. In ya yi datti a ɗauraye shi da madara, ba kankarewa, a mayar da shi raminsa yaro ya ciji tsumma mai tsabta. In hakan bai yiwu ba a saka shi cikin kofin madara, kada a naɗe shi a takarda ya bushe, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Haƙorin nono ba a mayar da shi.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci duba bakin yaro a ranar rigakafi da ranar awo, tunda a ranakun ne iyaye mata ke zuwa da yaransu da ƙafarsu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar haƙori,
Kano.